Katakon da Baba Bai Gama Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran mahaifinmu, kafintan da duk layinmu suka fi sani da Mai Shafa. Ya cika a ɗakinsa yana da shekara saba'in da shida, bayan ciwon suga ya yi shekara huɗu yana rage shi kaɗan-kaɗan. Na Allah ne, ya koma ga mai shi, mu ma muna tafe. Ya bar mahaifiyarmu, da ɗa namiji guda wanda nake kira Yaya, da ni, da jikoki bakwai, da shagon da ya daɗe da zama nasa a suna kawai.

Na zauna kwana uku ina karɓar gaisuwa, ina jin ana yabon wani mutum da ban taɓa sani ba. Wai mai haƙuri, mai fara'a, wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Har maƙwabciyarmu ta dama ta share hawaye ta ce bakinsa bai san zafi ba. Ita ce fa, Baba, wadda ka gaya wa a gaban surukanta cewa ƙofar falonta karkatacciya ce kamar maganarta. Na san da ana ba mamaci izinin minti biyar, da ka fito ka sallame su. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, in rubuta maka ta'aziyyar da za ka iya saurara ba tare da ka yi tsaki ba.

Aikinka kankare katako ne da hannu. Sauran aikin kafinta ka iya shi, ka haɗa ƙofa da taga da tebur da akwati, amma a wurinka duk wannan share fage ne. Kuma ba kowane katako kake so ba, sai farin nan mai laushi, mara nauyi, wanda mace za ta ɗaga falankinsa da hannu ɗaya, wanda ko farce aka danna masa sai ya yi tabo. Abokan sana'arka suna raina shi, suna cewa katakon masu koyo ne. Kai kuwa kana cewa sun gudu ne, domin katako mai tauri yana rufa wa kafinta asiri, mai laushi kuwa ba ya rufawa. In bakin ƙarfe ya dakushe ko kaɗan, ba zai yanku ba, sai ya murje ya tashi da gashi-gashi. In aka tura makankari saɓanin kwanciyarsa, sai ya yage. In hannu ya yi nauyi a farkon falanki ko a ƙarshensa, sai ya yi kwari. Duk abin da mutum ya yi masa, zai nuna.

Ba ka taɓa fara aiki da katako ba. Da dutsen wasa kake farawa. Ka ɗiga masa mai, ka zare ƙarfen makankari, ka yi ta kai da kawowa har mai jiran aikinsa ya gaji ya tafi ya dawo. Sannan ka gwada kaifin a damtsenka na hagu, wanda tun da na yi wayo ban taɓa ganin gashi a jikinsa ba. Ka mayar da ƙarfen, ka ɗaga makankarin saitin ido, ka ɗan bubbuga shi da ƙaramar guduma har bakin ya leƙo kamar silin gashi. Ka duba falankin ka gane inda ya kwanta, yadda ake gane kwanciyar gashin akuya. Daga nan sai ka kafa ƙafa, ka tura da dukan jiki, ba da hannu kaɗai ba, daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa. Sautin ba ƙara ba ne, wani dogon shuuu ne. Ɓawon ya fito a nannaɗe, fari, siriri. Ka sha ɗora mini shi a kan jarida ka ce in karanta abin da ke ƙasa. In na kasa karantawa, ba idona kake zargi ba, ƙarfen kake sake zarewa.

In ka gama, sai ka rufe ido ka shafa da tafin hannu. Daga nan sunan ya samo asali. Ba aikinka kaɗai kake shafawa ba. Ka shafa bencin asibiti, ka shafa teburin shugaban makarantarmu ranar da aka kira ka a yaba maka ni, ka shafa ƙofar kowane gida da aka gayyace ka. Ba kullum kake magana ba. Wani lokaci hannun kawai kake gogewa a jikin riga, kuma wannan ya fi maganar ciwo. Sanfefa kuwa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, ba ta taɓa kwana a shagonka ba. Kana cewa ba gyara take yi ba, lalata ko'ina take yi daidai wa daida har a daina gane inda aka fara lalatawa.

Alherinka a hannu yake, kuma yana da yawa, ba zan rage maka shi ba. Babu wanda ya karye a unguwarmu bai taka da sandar da ka yi masa ba. Kana zaɓar katako mafi rashin nauyi, ka kankare wurin da hammata za ta zauna har ya yi santsi kamar cikin kofi, kuma ba ka taɓa karɓar komai a kai ba. Sai dai mai sandar zai sha faɗa a kan yadda yake dogara ta. Na tuna tela na bakin titi da matarsa ta shanye rabin jiki. Ba wanda ya roƙe ka, ka je ka auna tsawon gadonta da na kujerarta, ka kawo wani falanki da ka yi kwana huɗu a kansa, domin a riƙa zame ta a kai ba tare da fatarta ta kurje ba. Telan ya fara godiya da kuka, ka ce masa ya adana hawayen ya koyi ɗinka aljihu. Shekara tara matar ta yi tana zamewa a kan falankin nan.

Na tuna kuma ranar da na yar da kwalba a kan murfin akwatin amaryar da za a zo ɗauka da yamma, ta lotsa shi. Na tsaya ina jiran duka. Sai ka jiƙa tsumma ka shimfiɗa a wurin, ka ɗora dutsen guga mai zafi. Tururi ya tashi, lotsawar ta kumburo ta koma daidai. Ban taɓa ganin abin al'ajabi kamar wannan ba. Ka dube ni ka ce, “Shi ya tashi. Ke kuma haka za ki ƙare, hannu kamar na aro.” Ina da shekara tara.

Haka kake. Abin da hannunka ya bayar, bakinka yakan bi ya karɓe rabi.

Yaya ne ya fi kowa sha. Yana da shekara ashirin da biyu ya yi teburinsa na farko shi kaɗai, mako uku yana kansa. Ranar da mai teburin ya zo da abokansa biyu, ka rufe ido ka shafa, ka zaro fensir daga bayan kunne, ka yi ta zagaye wurare a kan farin katakon, ɗaya bayan ɗaya. Da'ira goma sha ɗaya. Mai teburin ya ce shi dai bai ga komai ba, ya yi masa. Ka ce, “Kai ya yi maka, ai ba kai ka haife shi ba.” Ka sa Yaya ya ɗauke teburin ya kai bayan shago, inda ya yi damina biyu yana ruɓewa a gaban idonsa. Ni kuma da na gama jami'a na kawo maka takardar shaidata a cikin firam, ka karɓa da hannu biyu, na ɗauka yau dai za a ji yabo. Ka juya ta, ka bi kusurwoyin da babban yatsa, ka ce wanda ya haɗa firam ɗin nan bai kamata a bar shi da zarto ba. Ka miƙo mini.

Mama kuwa, matar kafinta shekara arba'in da takwas, a kan tsohuwar jarka take zama in za ta yi girki, kuma a kan tire take yanka albasa. Duk lokacin da ta yi maganar ɗan teburin kicin, sai ka ce ba ka samu katakon da ya dace ba tukuna.

Sai ciwon ya zo, kuma ya san inda zai kama. Ya fara da ido, ba ka damu sosai ba, ka ce dama ba da ido kake aiki ba. Sannan ya sauko tafin hannu. Likita ya yi mana bayani da sunan abin mai tsawo, amma ma'anarsa gajeriya ce: hannun yana nan, ƙarfinsa yana nan, ji ne babu. Ka shafa gilashi ka shafa bulo, duk ɗaya. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana yanke wa duniya hukunci da tafin hannunsa, aka wayi gari an karɓe masa abin awon, aka bar masa bakin.

Yaya ya karɓi shago. A wata na farko ya kawo injin kankara, a na biyu ya kawo na sanfefa, kuma gaskiya ita ce aiki ya ƙaru, iyali suka ci gaba da ci. Ya ware maka benci a kusurwa, kusa da taga, ya riƙa ajiye maka guntayen katako yana cewa aikin wani babban mutum ne da ya ce lallai sai hannun Baba. Ka yi ta kankara tun safe har la'asar. In ka miƙa masa ka ce ya duba, sai ya ce, “Kai, Baba, wannan ai madubi ne.” Ya ɗaga falankin ya nuna wa duk wanda ke shagon, yagewar da ke jiki tana kallon kowa, ya kashe ido ɗaya. Su ma su ce madubi ne. Da yamma a zuba a buhun da masu toye-toye ke zuwa kwasa don hura wuta. Mutane suka riƙa cewa Allah ya yi wa Yaya albarka, ya iya lallashin tsoho. Ni na ga fuskarsa sau ɗaya yana faɗin madubin nan, kuma ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin tausayi haka ba.

A ƙarshen bara ka ce a nemo maka falanki mai kyau, ba guntu ba, za ka yi wa Mama teburinta. Ban san abin da ya tuna maka ba. Yaya ya kawo mai kaurin yatsa biyu, fari tas, ba kulli ko ɗaya. Ka fara. Kwana uku ka ce a duba, aka ce ya yi. Ka ci gaba. Mama ta zo da kanta ta shafa ta ce wallahi ya yi, ita haka take so. Ka ci gaba. Ba ka jin inda ya yi da inda bai yi ba, kuma ka daina yarda da bakin kowa, don haka ba ka da wurin tsayawa. Mako biyar kana tura makankari a kan falanki ɗaya, yana sirancewa, ɓawo yana taruwa har ya rufe maka idon sawu.

Sai Yaya ya kira ni a waya. “Tsohonki ya ce ba zai ci abinci ba sai 'yar boko ta zo ta duba masa aiki. Don girman Allah in kin zo ki ce ya yi kyau, kowa ya huta.”

Na iso da hantsi. An kashe injuna saboda zuwana, shagon ya yi tsit. Kana zaune a bencinka, falankin a gabanka, Mama tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincin da ka ƙi tun jiya.

“Kin yi ƙiba,” ka ce. “Na ji a takunki. Matso ki duba mini. Waɗannan ko bangon siminti na miƙa musu, madubi za su ce.” Ka nuna inda kake zaton Yaya yake, alhali ya koma ɗaya gefen.

Na ɗaga falankin, bai fi nauyin littafi ba. Na karkata shi wajen hasken taga yadda ka koya mini. Ya yage a wuri shida ko bakwai, inda ka bi shi ta baya. Tsakiyarsa ta yi kwari. Kusurwa ɗaya ta sirance har haske yana ratsa ta. A gefe guda ga ɗigon jini da ya bushe, jere, daga babban yatsanka da ka yanke ba ka sani ba. Yaya yana ta yi mini alama da ido. Mama ba ta yi alamar komai ba, kwanon kawai ta riƙe.

Na ce, “Bai yi ba, Baba.”

“Ina da ina?”

Na lissafa maka, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake jinin ba. Kana gyaɗa kai kamar ana karanta maka wasiƙa daga garin da ka taɓa zama.

“Kaurin fa, me ya rage?”

“Bai kai ƙaramin yatsana ba. In ka ƙara, zai huje.”

Sannan ka ce, a hankali, da wata murya da ban san kana da ita ba, “To, gobe in na zauna na wasa ƙarfen da kyau...”

“Ba ƙarfen ba ne, Baba.”

Wannan ita ce maganar. Sauran duk ka tambaya ne na amsa. Wannan ba ka tambaya ba.

Ka daɗe hannunka yana kan falankin, yana shafawa, ba ya jin komai. Sai ka ce, “Da kin ce ya yi, da na yarda. Duk gidan nan ke kaɗai ce da na yarda.”

Ka laluba ka ɗauki ƙaramar guduma, ka bubbuga makankarin, ka zare ƙarfen, ka goge shi da tsumman mai, ka naɗe. Ka ce wa Yaya ya kai ka gida. Ka ci abincin ranar, ka cinye tas. Ba ka sake taka shagon ba. Kwana hamsin da biyu ka yi a ɗaki, kana zaune hannuwanka a kan gwiwa, tafin yana kallon sama, kamar kayan da aka kawo gyara mai su bai dawo ba. Na zo duba ka sau huɗu. Ba ka sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Maganarka ta ƙarshe gare ni ita ce in daina jan ƙofa da ƙarfi, ina kashe mata hinji.

Likita ya ce ƙoda ce ta gaza, kuma na yarda da likita. Amma a gidanmu kowa yana da nasa lissafin. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, Mama ta same ni ina wanke kofuna, ta tsaya a kaina ta ce, “Kin gaji ubanki. Allah ya raba ki da gadon.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta karɓi kofin da ke hannuna ta sake wanke shi.

An tambaye ni ko na yi nadama. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa girmama ka na yi, cewa mutum irinka ya fi ƙarfin a yi masa wasan yara, cewa ni kaɗai na ɗauke ka a matsayin kafinta har ƙarshe. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita nake faɗa wa mutane. Amma kai ba mutane ba ne, kuma ba ka son a rufe wuri da fenti. Lokacin da na ce ba ƙarfen ba ne, wani abu a ƙirjina ya yi sanyi, abin da ya yi shekara talatin yana jira. Na zargi Yaya da ramuwa da ƙarya. Ni da gaskiya na rama, kuma tawa ce ta fi kaifi, domin a wurinka na koyi wasa ta. Kai ma ka sani, shi ya sa ka ba ni amsar da ka ba ni. Ka samu wurin da bai yi ba a jikina, ka zagaye shi da fensir, ka tafi ka bar ni da shi. Ko a nan hannunka bai kuskure ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta zauna da kai kusan shekara hamsin ba ta taɓa kai ƙararka ko'ina ba, kuma har yau ita kaɗai ke juyawa in an taɓa ƙofar gida da la'asar. Allah ya ba ta haƙuri, ya biya ta abin da ba mu iya biya ba. Ina miƙa ta ga Yaya, wanda bai yi mini magana ba tun ranar. Duk abin da na faɗa a kansa a sama ban janye ba. Amma shi ne ya yi shekara huɗu yana wanke maka ƙafa kowace safiya yana duba tsakanin yatsu, shi ne ya goya ka ya hau da kai benen asibiti, lokacin da ni nake aiko gaisuwa ta waya. Allah ya saka masa, ya sa wa shagon albarka a hannunsa. Ina miƙa ta ga jikokinka, da abokan sana'arka da ka raina kuma suka zo suka ɗauki gawarka, da duk wanda ya taɓa dogara sandar da ka yi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Ka karɓi abin da hannunsa ya yi wa bayinka, ka kau da kai daga abin da harshensa ya yi musu, mu da ya fi shafa mun yafe iya abin da muka iya, sauran ka taimake mu a kai. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, ba irin wanda ya yi mana ba, kuma ba irin wanda na yi masa ba. Amin.